Kunnen Liao da Motar Shara

Duk lungunmu babu wanda bai san kunnen Liao Kun-shan ba, domin shi da kansa yake tallarsa safe da yamma. Aikin da ya yi har ya yi ritaya shi ne danna maɓalli a masana'antar ƙararrawar ƙofa, ya saurara ko ta yi ƙara ko ba ta yi ba. Amma in ka ji yana ba da labari, sai ka rantse shi ya koya wa tsuntsayen garinmu Tainan kuka. "Kunnen zinariya" yake kiransa, yana murza fatar kunnen da yatsu biyu kamar mai taya yadi. Ni da nake sayar da madarar waken suya a ƙasan benen da yake zaune, na san kunnen nan ciki da bai. Sai na ƙwala masa kira har maƙogwarona ya bushe kafin ya waiwayo ya ɗauki laimar da ya manta.

Masifar daga alheri ta faro. 'Yarsa da ke aure a birnin Hsinchu ta aiko masa da kwamfutar tebur don ya riƙa ganin jikarsa suna hira. Kwamfutar ta zo da 'yan lasifikoki biyu, kowacce ba ta wuce kofin shayi ba. Liao ya sauko da su shagona a tafin hannu, ya dire su a gaban masu karin kumallo kamar ya kamo ɓeraye.

"A-Chu, dubi abin da aka aiko wa mutum irina," in ji shi. "Wannan ai zagi ne a cikin kwali."

Kuo mai aski, wanda shagonsa ke kallon nawa, ya ɗago kai daga kwanonsa. "Suna magana dai, ko?"

"Magana? Kai da ba ka san komai ba sai ƙarar almakashi, me zan gaya maka? Sauti yana da ƙashi, yana da tsoka, yana da kitse. Waɗannan fata ce zalla." Ya juyo ya dubi jama'a. "Ku rubuta ku ajiye. Kafin Sabuwar Shekara zan sayo lasifikar da in na kunna waƙar biki, allolin haikalin bakin titi sai sun leƙo sun tambayi gidan wa ake shagali."

Matarsa Yu-lan tana tsaye a bayansa da jakar cefane. "Tsoho, jikarka kawai za ka ji da su," ta ce. Bai ji ta ba.

Ni aka ɗora wa kai shi kasuwar kayan lantarki, tunda ni ke da 'yar motar ɗaukar wake. Kuo ma ya biyo mu, shi ma yana son lasifika don kwamfutar shagonsa. Mai shagon da muka shiga wata mata ce mai tabarau rataye a wuya. Ta tambayi Kuo girman teburinsa, da nisan kujerarsa, da abin da yake saurare. Ya ce labarai da tsofaffin waƙoƙi. Ta jona masa wasu 'yan madaidaita, ya saurara, ya ce sun yi, aka naɗe masa. Ko shayin da ta zuba mana bai huce ba ya gama.

Liao ya girgiza kai don tausayi. "Haka jahilai suke sayayya. Matsa ka ga aiki."

Ya fara bin kanta yana ƙwanƙwasa lasifikoki da bayan yatsa, yana kara kunne, yadda ake zaɓen kankana. Wannan ya ce ɗanya ce. Waccan ya ce ta nuna ta wuce. Ya ɗaga wata ya auna nauyinta a hannu, ya sunsuna bayanta, ya ce katakonta bai sha iska ba. Can ya tsaya gaban wata baƙa mai sheƙi, ya rufe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Shiru! Kun ji wannan? Kun ji yadda sarewar take fitowa daga hagu, gangar tana bin ta a hankali? Wannan lasifika ta san abin da take yi."

Mai shagon ta sa tabaraunta. "Maigida, wannan ba a jona ta ba. Ga wayarta nan a hannunka."

"To kiɗan fa?"

"Na shagon maƙwabcina ne, mai sayar da fanka."

Kuo ya ƙware da shayi. Liao ko gezau. "Na sani. Gwada ki nake yi, in ga ko kin san kayanki. Kin ci." Sai idonsa ya faɗa kan wasu akwatuna biyu a ƙuryar shago, kowanne ya kai firji tsawo, an lulluɓe su da leda. "Waɗancan fa?"

"Na motar bikin haikali ne. Ba na ɗaki ba ne, balle na tebur."

"Za a iya jona su da kwamfuta?"

"Komai ana iya jona shi da kwamfuta in mutum ya nace. Ɗakinka yaya yake?"

"Tayil ƙasa, siminti sama, tas kamar asibiti."

"To ko ƙananan ka saya sai ɗakin ya yi amsa-kuwwa. Ka zuba abubuwa masu taushi, labule, darduma, matasai, su shanye sautin."

"Ni in sayi sauti da kuɗina, in kuma sayo abin da zai shanye shi? Naɗe mini su. Haɗa da abin magana na masu waƙa."

Matar ta dube ni, na dube ta. Ita dai kasuwa take yi, ta naɗe.

Benenmu tsoho ne, ba shi da lif mai hawa da mutane sama, Liao kuma a hawa na huɗu yake, can ƙololuwa. Ni da Kuo muka kinkimi akwatin farko, mai kayan yana gaba hannu a baya yana ba da umarni. A kwanar hawa na uku akwatin ya maƙale, ba gaba ba baya. Kaka Chiu, tsohuwar da ke zaune a wannan hawa, ta buɗe ƙofa ta ga dogon baƙin akwati a kafaɗar mutane.

"Wayyo! Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Kaka, lasifika ce."

"Ana saura kwana kaɗan Sabuwar Shekara za ku tsaya mini da wannan a bakin ƙofa? Ku wuce da shi, ko na wane ne!" Ta koma ciki ta ɗebo gishiri ta watsa mana a ƙafa.

Da muka kai su sama, Liao ya ce lasifikar kwamfutar tebur a kan tebur take zama. Muka ɗora ɗaya. Teburin ya yi wani ɗan kuka, ƙafafunsa suka buɗe a hankali, ya durƙusa. Aka sauke su ƙasa. Falon kuwa ƙarami ne, babu yadda za su tsaya sai sun juya fuska wajen ƙofar baranda, wato wajen lungu, wato wajenmu.

Ina saukowa ya kunna kwamfutar. Ɗan ƙaran nan da take yi in ta tashi, wanda a gidan kowa bai fi tarin jariri ba, shi ya sa madarar da ke tukunyata ta yi rawa. Baburan da ke jere a lungu suka ɗauki kururuwa gaba ɗaya. Daga baya Yu-lan ta gaya mini lemukan da ta jera a teburin tunawa da kakanni sun gangaro ɗaya bayan ɗaya, hoton surukinta ya karkace. Da yamma jikar ta kira. Yarinyar ta ce, "Kakana!" sai da duk wani tsoho da ke lungun ya amsa, har da Kawu Tseng da ya shekara goma bai ji tsawa ba.

Mun yi haƙuri. Hidimar biki ta sha kan kowa, ba mai lokacin faɗa.

Ranar jajiberi ta zo. Kowa ya san ranar nan: an kwana biyu ana share gida lungu da saƙo, an fito da tarkacen shekara, an ƙulle a leda, ga bokitan ragowar abinci cike da ƙaya da hanjin kifi. Shara a garin nan ba ta taɓa ƙasa. Kana jin kiɗan motar shara ka sauko da gudu, ka jefa da hannunka, motar ta wuce. Ta yau kuma ita ce ta ƙarshe, daga ita ma'aikata sun tafi hutu. Wanda ta wuce shi, da ƙazantar tsohuwar shekara zai shiga sabuwa, ba kuma halin fitar da ita a kwanakin farko, sai arzikin gida ya bi ta. Lungunmu a lanƙwashe yake, ba a hango bakin titi daga ko'ina. Da kunne muke rayuwa.

A wannan rana Liao ya ga ya dace ya yi wa lasifikarsa babban gwaji. Hujjarsa, kamar yadda ya bayyana mana daga baya, ita ce ba a gwada lasifika sai da kiɗan da kunne ya fi sani. Wane kiɗa kuwa ɗan ƙasar nan ya fi sani tun yana goye? Ya shiga intanet ya nemo wanda wani mara aikin yi ya ɗauka a bakin titi, har da ƙugin inji.

Rana ta ɗan karkata, ina tsakiyar yanka kabeji, na ji kiɗan. Ban yi tunani ba, ƙafafuna ne suka yi. Na suri leda biyu da bokitin dusar wake na yi waje. Lungu ya cika maƙil. Kuo ya fito da buhun gashi, mutumin da yake yi wa aski yana biye da shi da ƙyalle a wuya, rabin kai a aske, ya taya shi ɗaukar kwali. Matar Tseng da abin naɗe gashi a ka. Kaka Chiu tana saukowa da baya da baya saboda gwiwa, hannu ɗaya a ƙarfen matakala, ɗaya riƙe da bokitin kifi, tana kiran a ce wa direba ya jira ta.

Muka isa bakin titi. Babu komai sai wani kare da ya dube mu ya kau da kai. Kiɗan kuwa yana nan yana tashi, amma daga bayanmu, kuma daga sama.

Muka waiwaya. Ga Liao a baranda yana tafi.

"Kun gani? Kun gani da idonku?" Ya ɗaga murya. "Lungu guda! Ba mutum ɗaya da ya gane! Kuo, taka za ta iya fito da ko kyanwa daga ɗaki?"

Ban taɓa jin sha'awar jifan mutum da dusar wake ba sai ranar. Abin da ya hana ni, nisa ne.

"Liao Kun-shan!" Kaka Chiu ta ɗaga bokiti. "Na goyi uwarka zuwa asibiti ranar da za ta haife ka. Da na san abin da ke cikin, da na ajiye ta a hanya!"

Aka koma ana tsaki, kowa ya sake hawa da kayansa. Ina jin Yu-lan ta tagar sama tana wanke shi tas, tana cewa ya ba mutane haƙuri yanzun nan. Kuskurenta ɗaya, ba ta ce ya sauko ya bayar ba. Sai kawai muka ji bango ya yi gyaran murya.

"Gwaji, gwaji. Jama'ar lungu, Liao ne ke magana, daga hawa na huɗu. An ce in ba ku haƙuri. To, ku yi haƙuri. Amma in za a bi gaskiya, laifin ingancin kaya ne. Da ƙaramar lasifika na saya irin ta wasu mutane da ba zan ambaci sana'arsu ba..."

"Tsoho, kashe abin nan," muka ji muryar Yu-lan ta lasifikar.

"Kar ki taɓa, ba ki san kansa ba."

"Na ce ka kashe!"

"To ga shi nan, nan ake dannawa."

Ba nan ake dannawa ba. Abin da ya danno wani ɗaukan ne, na motar shara tana tafiya, kiɗan yana raguwa yana nisa. Duk wanda ya girma a nan ya san babu sautin da ya fi wannan tsinka zuciya. Ƙari a kan haka, ƙarar ta daki bangon makarantar da ke ƙarshen lungu ta dawo, sai aka ji kamar daga ɗaya bakin take. Wani ya yi ihu, "Wannan ta gaske ce, ta bi ta baya!" Shi ke nan. Mu da muka ji komai da kunnenmu, mu da muka san abin da mutumin nan yake yi, muka sake kwasar kaya muka ruga, wannan karon zuwa wancan ƙarshen. Ledar matar Tseng ta fashe a hanya. Mutumin Kuo, da aka kusa gama masa ɗaya rabin, ya taka ɓawon ayaba ya zauna a cikin kwalin da yake ɗauke da shi.

A can ma ba mota. Sai ruwan sama da ya fara saukowa.

Aka taru a rumfar shagona, kowa a jiƙe, kowa da ledarsa. Aka sauko da Liao. Yu-lan ta biyo shi da wayar wutar lasifikokin naɗe a damtse, ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ta cusa a aljihun rigar girkinta.

Kuo ya nuna shi da tsinin almakashi. "Kai kaɗai ke da lasifika a lungun nan? Ni ma ina da ita. Ka jira. Sai na sa ka sauko daga hawa na huɗu da gudu, ka ji yadda ake ji."

"Da waɗancan 'yan gwangwanayen? Ko a mafarki nake zan gane su."

Kaka Chiu tana zaune a kujerata tana matsa gwiwa. Ta ba ni tausayi ƙwarai. Ta ce, "Ni dai saura mini sauka ɗaya a ƙafafun nan. In na ɓata ta a banza, sai dai a ci abincin biki ba ni."

Wani ya ce a tsaya a bakin titi kawai a jira. Amma ruwa ake yi, motar jajiberi kuma ba ta da tsayayyen lokaci saboda yawan kaya, kowace mace ta bar tukunya a wuta, kifi bai soyu ba, kaza ba ta dahu ba. Nan Liao ya ga ƙofa.

"Ku koma girkinku," ya ce, ya dafa ƙirji. "Ni na ɓata, ni zan gyara. Zan zauna a baranda in kasa kunne. In ta gaske ce, zan gaya muku tun tana unguwar gaba. In wani ne yake wasa," ya harari Kuo, "zan gaya muku. Ku ba kunnen nan amana sau ɗaya."

Za ku ce wane irin mutane ne za su yarda. Mutanen da suka hau bene sau biyu da bokiti, su ne. Ƙafafunmu ne suka yarda, ba mu ba.

Lungu ya yi tsit, sai ƙamshin suya. Can wajen la'asar sakaliya, kiɗan ya taso. Siriri, a shaƙe, yana karkarwa, wani wurin ma yana yankewa. Tagogi suka buɗe. Kawuna suka leƙo, duka suna kallon sama. Ni ma na fito da ludayi a hannu.

Liao ya miƙe a baranda. Ya rufe ido. Ya kara tafin hannu a bayan kunnen zinariya, ya ɗaga yatsa ɗaya. Sai ya fashe da dariya.

"Ku zauna! Kowa ya zauna! Kuo ne!"

"Ka tabbata?" in ji matar Tseng.

"Haba, ki saurara mana. Ina ƙashin? Ina kitsen? Wannan sauti ne na lasifikar tebur mai araha, a ɗakin da ke cike da madubi. Kin ji wannan karkarwar? Almakashi ne a kan kanta yake amsawa. Motar gwamnati guda za ta yi wannan kukan sauro?"

Sai ga Kuo ya fito daga shagonsa da buhun gashi da bokiti, yana gudu. "Ita ce! Jama'a, ita ce! Ni ban kunna komai ba!"

"Ku dube shi," in ji Liao yana share hawayen dariya. "Har da wasan kwaikwayo. Gudu, Kuo, gudu! Ka gaishe da direban!"

Lungu ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, har na ce a raina ashe dai kunnen yana da ɗan amfani. Kaka Chiu ta leƙo ta ce, "Yaron kirki, ka cece ni," ta rufe taga. Kiɗan ya ɗan tsaya wuri ɗaya, sannan ya fara raguwa.

"Kun ji? Yana rage ƙarar a hankali, wai ta tafi. Dabarar yara."

"Yaya Liao," na ce, "in Kuo yana bakin titi, wa ke rage ƙarar?"

Ya sauke yatsan da ya ɗaga. Daga lanƙwasar lungu sai ga Kuo yana dawowa a hankali cikin ruwa, yana kaɗa bokiti. Ya zo tsakiyar lungu ya tsaya, ya kifa bokitin, ya ƙwanƙwasa gindinsa da bayan yatsa, ya kara kunne.

"Wannan ya nuna," in ji shi. "Babu komai a ciki. Direban yana gaishe ka, Liao. Ya ce ruwa ya shiga lasifikarsu tun safe. Ya kuma ce lungunmu ya burge shi, bai taɓa ganin mutane masu tsabta haka ba, jajiberi guda mutum ɗaya ne ke da shara."

Abin da ya biyo baya ba zan iya maimaita shi duka ba, akwai kalmomin da ba a faɗa a ƙarshen shekara. Liao ya sauko da gudu, kamar yadda Kuo ya yi masa alkawari, yana rantsuwa zai kamo motar. Aka ɗaure masa leda a babur gaba da baya har ba a ganin kansa. "Ba sai an nuna mini hanya ba," ya ce, "kunne zai kai ni." Kunnen ya kai shi. Ya bi wani kiɗa har bayan tashar jirgi, ya tarar da mai gasa dankali. Ya dawo da ledojin cif, ya ƙaro dankali biyu.

Kaka Chiu ta yi saukarta ta ƙarshe. Aka ba ta hanya. Ta tsaya gaban babur ɗin, ta dubi tulin shara, ta dubi Liao, muryarta a kwance.

"A titi ba a ajiyewa, tara ce. A gidajenmu ba za ta kwana ba, shekara ce sabuwa. To ni yau sau biyu na ji motar shara da kunnena, kuma duka biyun daga hawa na huɗu ta yi kiɗa. Ni tsohuwa ce, ban san intanet ba. Inda mota ta yi kiɗa, nan ake kai shara."

Ta miƙa masa bokitin kifin. "Riƙe da kyau. Ka wuce gaba."

Ban taɓa ganin lungunmu ya haɗa kai irin na ranar ba. Layi tun daga shagona har ƙofar Liao, ana miƙa leda hannu da hannu. Kawu Tseng yana ba da kiɗan motar da baki. Kuo, da ba shi da sauran shara, ya koma ya share shagonsa ya samo. Aka jera ledoji a jikin bango har rufi, aka cika kusurwoyi, aka binne manyan lasifikokin har ba a ganin ko ƙeyarsu. Bokitai aka ba su baranda. Yu-lan ta tsaya ta ga an gama, ta naɗe soyayyen kifinta, ta ɗauki hoton surukinta, ta ce jirgin ƙasa na dare zai kai ta Hsinchu wajen 'yarta. Wayar wutar tana aljihunta.

Da safen Sabuwar Shekara zuciyata ta ƙi kwanciya. Mutum shi kaɗai a ranar biki, ko wane ne, abin tausayi ne. Na yanka masa wainar shinkafa, na ɗaure hancina da ƙyalle, na hau.

Tun daga hawa na uku nake jin muryar yarinya tana dariya, tas, a hankali, kamar tana cikin ɗakin. Na tura ƙofa. Ga Liao zaune a ɗan filin da ya rage a tsakiyar falo, sanye da jar rigar biki, da maƙalin shanya a hanci. Kwamfutar tana kan kujera. A gefenta 'yan lasifikokin nan biyu masu kama da kofin shayi, jikarsa tana yi masa barka da shekara ta cikinsu.

"Barka da Sabuwar Shekara, Yaya Liao."

"Shiru, A-Chu! Saurara." Ya ɗaga yatsa. Ya tafa hannu sau ɗaya, ya kasa kunne. "Kin ji? Babu amsa-kuwwa ko kaɗan. Sautin ya zauna daram. Tun farko na gaya wa matar shagon nan, ba lasifika ce matsala ba, ɗaki ne yake son abu mai taushi. Ta tsaya yi mini gardama."

Na ajiye wainar a kan buhun gashin Kuo, don babu wani wurin. A ɗaya hannuna akwai 'yar ledar ɓawon lemu da na tsinta a matakala. Ya ƙura mata ido.

"Wannan ta mece ce?"

"Shara ce."

Ya karɓa, ya matsa ta, ya auna nauyinta a hannu. Ya rufe ido ya juya kai dama, ya juya hagu. Sannan ya taka a hankali ya cusa ta a wani ɗan gurbi kusa da taga, ya ja da baya ya sake tafawa.

"Yawwa," ya ce. "Dama ɓangaren hagu ya ɗan rage."